Kakar wasannin Jega, Aliero da Maiyama: a nemo darakta kafin a yi hayar lasifika

 

Tun da aka jefo shawarar nan cewa 'yan diramar Jega da Aliero da Maiyama su haɗa kai su shirya kakar wasanni guda bayan an kawar da amfanin gona, wato wasa uku ko huɗu da za a riƙa zagayawa da su daga wannan gari zuwa wancan, zauren nan bai huta ba. Mun karanta sharhin kowa. An yi maganar janareto, an yi maganar lasifika, wani ya ce ƙaninsa na ba da hayar rumfa da kujeru, wani ma har ya zana fosta tun ba a san sunan wasa ba. Masu son fitowa a wasa kuwa, mun daina ƙirga su. Amma da aka zo kan tambayar wa zai ba da umarni, sai zauren ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Mutum ɗaya ya tanka, ya ce ai wannan ba matsala ba ce, shugabannin ƙungiyoyi suna nan.

To mu a ganinmu matsalar kenan ɗungurungum, kuma da yake mu da muke wannan rubutu muna cikin waɗancan shugabannin da ake magana, ba wanda zai ce hassada ce ta sa mu faɗa.

Bari mu fara da laifinmu. Shekarun baya mun taɓa yin wani wasa a filin wata firamare, bayan La'asar. Labari ne mai kyau, kan wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da gona da 'ya'ya huɗu, dangin miji suka taso mata. Shugabanmu na lokacin shi ne darakta, shi ne kuma ya fito a wan mijin, don shi ne babban matsayi. Tun da yana cikin fili, ba wanda ke zaune a wajen 'yan kallo yana duba abin da suke gani. Rabin wasan 'yan wasa sun juya wa jama'a ƙeya suna magana da junansu. Mai barkwancinmu da aka ba minti uku ya ji an yi masa dariya, sai ya cinye kusan minti ashirin, ba wanda ya isa ya tsayar da shi domin shi ya biya kuɗin mai na janareto. Da aka zo fitowar da dukkan wasan ya dogara a kanta, inda matar za ta tsaya gaban alƙali ta faɗi abin da ke ranta, sai ga kiran sallar Magariba. Jama'a suka watse, kuma daidai suka yi. Da aka idar ba wanda ya dawo sai yara. Wata biyu muka yi muna gwaji saboda wannan fitowa guda, kuma har yau mutanen garin ba su ji abin da matar nan ta ce ba. Mun daɗe muna ɗora laifin a kan mai barkwanci. Daga baya muka gane ba shi da laifi, ɗan wasa ne ya yi abin da ɗan wasa ke yi idan ba mai riƙe da linzami.

Da yawa a cikinmu sun ɗauka darakta shi ne mai tsawa, wanda ke riƙe da takarda yana cewa kai shiga, ke fito. Wannan kowa na iya yi. Aikin ya faro tun kafin a tara mutane. Shi ne zai karanta wasan har ya san abin da yake son mai kallo ya tafi gida da shi, sannan ya ɗauki biro ya datse duk abin da bai kai ga can ba, ko da marubucin amininsa ne. Shi ne zai dubi yaron da kowa ya raina ya ce kai za ka fito a alƙali, ya dubi wanda ya shekara goma yana fitowa a sarki ya ce bana dogari za ka yi. Shi zai auna filin da ƙafarsa, ya san inda rana ke faɗuwa don kada ta haske idon 'yan kallo, ya je can ƙarshen taro ya tsaya ya ji ko muryar yarinyar nan na isowa ba tare da makirfo ba, don janareto na iya mutuwa kuma zai mutu. Shi zai san cewa tsakanin sallame La'asar da kiran Magariba, musamman lokacin hunturu da rana ke saurin faɗuwa, abin da ke hannunsa bai cika awa biyu ba, a ciki kuma za a zaunar da jama'a a kori awaki. Saboda haka wasansa ba zai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, kuma ya gwada shi da agogo sau da yawa. A taƙaice shi ne ɗan kallo na farko, wanda ke zaune a kujerar jama'a tun ranar farko ta gwaji yana tambayar kansa, shin na gane, shin na gaji, shin na yarda? Wanda ke cikin fili yana wasa ba zai iya wannan ba, kamar yadda mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

'Yan Aliero ya kamata su fi kowa saurin fahimtar wannan magana. Daga ko'ina a ƙasar nan ake ɗauko mai karaya a kawo shi garinku wajen masu ɗori. Akwai wanda ya taɓa miƙa ƙafarsa ga mutum don kawai shi ne babba a gidan, ko don shi ya biya kuɗin mota? Ana tambaya ne wa ya iya, wa ya koya a hannun wa, mutum nawa suka tashi suka taka bayan ya ɗora su. Amma idan aka zo wasan kwaikwayo sai mu ce shugaba na nan.

Kuma wannan rashin ganin darakta tsohon ciwo ne, ba mu muka faro shi ba. Ku tambayi duk wanda ya girma yana kallon talabijin a shekarun 1980, zai lissafa muku Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu da Golobo ba tare da ya numfasa ba. Dattawanmu har yau suna labarin Idon Matambayi na gidan talabijin na Sakkwato, tun muna jiha ɗaya da su kafin a yanke Kebbi a 1991. Amma ku ce a faɗi sunan waɗanda suka tsaya bayan kyamara suna cewa a sake, za ku ji shiru. Hatta fim ɗin da ake ƙirga farkon Kannywood daga kansa, wato Turmin Danya na 1990, wanda ƙungiyar dirama ta Tumbin Giwa ta yi a Kano, mutane sun fi tuna Ibrahim Mandawari da ya fito a ciki a kan Salisu Galadanci da ya ba da umarni. Abin lura a nan shi ne, Tumbin Giwa ƙungiya ce irin tamu, ta 'yan dirama masu sha'awa, amma da suka tashi yin babban aiki sai suka damƙa umarni a hannun wanda ya san aikin. Sai a 'yan shekarun nan ne mai kallo ya fara tambayar wa ya ba da umarni kafin ya zauna, har ya zama idan aka ce Labarina sai a ce Aminu Saira. Fim ya koyi wannan darasi saboda kuɗi na ciki. Dandali bai koya ba tukuna, a wajenmu dai.

Akwai wurare biyu da muke ganin ya kamata mu leƙa, kuma duka ba su da nisa.

Na farko maƙwabtanmu ne na Nijar. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa duk shekara, ana zagayawa da shi manyan garuruwa, kuma gasar wasan kwaikwayo na cikin abin da ake jira. Kafin ƙungiya ta kai matakin ƙasa sai ta yi nasara a matakan ƙasa da shi. Yawancin wasannin da Hausa ake yi, kuma ba a rubuta su kalma bayan kalma. Ana tsara ƙashin labari, a raba matsayi, 'yan wasa su riƙa zuba maganarsu a wajen gwaji, jagoran ƙungiya yana tankaɗe yana rairaya har wasan ya zauna. Cikin irin wannan yanayi sunan su Yazi Dogo ya cika Nijar har ya tsallako mana. Mun kawo wannan ne saboda masu cewa ai mu ba mu da rubutattun wasanni, don haka ba mu buƙatar darakta. Akasin haka ne. Inda ba rubutu, nan ne aka fi buƙatar mutum guda da ke riƙe da labarin a kansa, in ba haka ba kowa zai ja wasan zuwa inda za a tafa masa.

Na biyu Zariya. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Michael Etherton, wani Bature da ya koyar a Zambiya kafin ya zo. Ɗakin wasan da suka gina a Samaru da ƙasa aka gina shi, a fasalin gidan Bahaushe, kuma wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa sai mun samu babban ɗakin taro. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda suke aiki. Ɗalibai kan tafi cikin Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da mutane su saurari abin da ke damunsu, su gina wasa a kai, su koma su nuna wa masu abin, a tsaya a yi muhawara. Mutane irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun yi shekaru a wannan aiki. A irin wannan wasa, darakta ya fi amfani da kunnensa a kan bakinsa. Irin daraktan da muke nema kenan, wanda zai iya zama a rumfar dillalan albasa yini guda bai ce uffan ba, ya tashi da wasa a kansa.

Don labari kam muna da shi, har ya yi mana yawa. Manomin da ya zuba albasarsa a rudu yana jiran farashi ya tashi, ya buɗe ya tarar rabi ta ruɓe, ga kuma ranar auren 'yarsa an sa. Bashin noman shinkafar nan da aka ƙaddamar a jihar nan a Nuwamban 2015, da yadda wasu suka ɗauke shi rabonsu na gwamnati, wasu kuma suka sayar da akuya suka biya, kuma dukkansu a masallaci ɗaya suke sallah. Ambaliyar 2020 da ta shanye fadamu ana dab da girbi. Ɗalibin da ya zo jami'ar Aliero daga wata jiha ya kama hayar ɗaki a gidan dattijon da bai taɓa zama da baƙo ba. Yaron da ke sayen ƙwaya a bayan tasha da kuɗin da uwarsa ta ba shi na makaranta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a hannun wanda bai iya ba, zai koma wa'azi mai kayan ado: mugu ya yi mugunta, malam ya fito ya yi nasiha, kowa ya tuba, a rufe labule. A hannun wanda ya iya, mai kallo zai ga kansa a jikin wanda bai biya bashin ba, ya ji kunya kuma ya ji tausayi a lokaci guda.

Yanzu, yaya za a zaɓa?

Mu dai ra'ayinmu a buɗe ƙofa ga kowa, a sanar a zauren nan da makarantu da wajen 'yan ƙungiya, sannan a gwada mutane da aiki. Kada a tambayi takardar shaida, domin ba mu san jami'ar da ta koya wa yaran da ke shirya tashe yadda ake tsara Jatau mai magani ba, amma a kowace unguwa akwai yaro guda da sauran ke saurare, shi ke cewa kai ne za ka yi kaza, ga inda za mu fara, ga inda za mu tsaya. Wannan yaron darakta ne, bai dai san sunan ba. Gwajin da muke ba da shawara mai sauƙi ne. A ba kowane mai nema fitowa guda ta minti goma, iri ɗaya ga kowa, a ba shi 'yan wasa huɗu da ba na ƙungiyarsa ba, a ba shi yamma uku. Rana ta huɗu a nuna. Kuma alƙalan su halarci gwajin kansa, kada su jira ranar nuni kawai, domin abin da ake son gani shi ne yadda yake da mutane. Yana zuwa kan lokaci? Idan ɗan wasa ya kasa, yana da wata hanyar nuna masa ban da zagi? Idan ɗan wasa ya kawo shawarar da ta fi tasa, yana karɓa? Idan babba ya yi kuskure a gaban yara, ya san yadda zai gyara masa ba tare da ya zubar masa da girma ba? Wannan na ƙarshe a garuruwanmu rabin aikin kenan.

Alƙalan kuma kada a sa wanda ke son fitowa a wasa, don kowa zai zaɓi wanda zai ba shi sarki. A samo malamin Hausa ko biyu daga sakandare, waɗanda suka shekara suna koyar da irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da dattijo guda cikin tsofaffin 'yan dirama da ya riga ya ajiye, da mace aƙalla guda. Kowane gari ya kawo nasa, kuma alƙali ba zai ba ɗan garinsu maki ba.

Da muka ambaci mata, bari mu tsaya a nan kaɗan, domin a duk sharhin da aka yi ba wanda ya kawo su sai a matsayin wa za ta fito a amarya. Jama'a, daraktocin da suka fi kowa gogewa a ƙananan hukumomin nan uku malamai mata ne na makarantun 'yan mata da Islamiyyu. Duk shekara, ranar ba da kyaututtuka ko walimar sauka, su ke ɗaukar yara ashirin da ba su taɓa tsayawa gaban taro ba, cikin mako uku, ba kuɗi ba kayan aiki, su fitar da wasan da iyaye za su yi ta maganarsa. Sun iya lokaci don shugaban makaranta minti goma sha biyar yake ba su. Sun iya murya don ba makirfo. Mu da muke kiran kanmu 'yan dirama, sau nawa muka yi wasa a shekarar da ta wuce? Su sun yi. Idan malama ba za ta iya bin tawaga zuwa wani gari da yamma ba, kuma mun san dalilan gida da na al'ada da za su hana da yawa, to a tsara wasa guda cikin kakar da za a yi da hantsi a harabar makaranta, mata su kalla. Rabin garin da ba su taɓa zuwa filinmu ba kenan.

Haka kuma samarin nan masu ɗaukar gajeren barkwanci da waya suna sawa a TikTok da Facebook, kada a raina su kuma kada a ɗauke su kai tsaye. Suna da ido, sun san abin da ke sa mutum ya tsaya, wasunsu sun fi mu sanin inda dariya take. Amma waya tana yafe kuskure, a yanke a sake, a matso da fuska kusa. Fili ba ya yafewa, kuma minti ɗaya daban yake da minti sittin. Su shigo gwajin kamar kowa. Muna kyautata zaton ɗaya ko biyu a cikinsu za su ba mu mamaki.

Mun san abin da wasu za su ce, don an riga an fara faɗa mana ta waya. Me zai hana a tara kuɗi a ɗauko darakta daga Kano, sunansa kaɗai ya cika fili? Ba mu ƙi baƙo ba. Amma a lissafa. Wanda ya yi suna a fim ba zai bar aikinsa ya zauna mana wata biyu a Maiyama ba. Zai zo kwana uku, a yi hotuna, ya bar mataimaki, kuɗin kakar gaba ɗaya ya tafi a masauki da mota. Idan ya tafi kuma me ya rage mana? Badi sai mu sake tara kuɗi. In dai akwai abin kashewa, gara a gayyato malami guda daga sashen wasan kwaikwayo na wata jami'a, ko tsohon ma'aikacin dirama na rediyo ko talabijin, ya yi mako guda yana horar da waɗanda aka zaɓa, ya koma, su kuma su yi aikin da hannunsu.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ke ci mana tuwo a ƙwarya tun da daɗewa. Yaro a gidansu yana cewa mi kaka so, munka tahi, wanga yaro, shina nan. Da ya hau dandali sai bakinsa ya koma na Kano, wai shi ne harshen wasa, don shi yake ji a fim. Sai ka ga tsohuwar ƙauyen Sambawa ko Kimba a cikin wasa tana magana kamar 'yar Fagge. Jama'a za su yi dariya, amma ba za su yarda da ita ba. Ranar da aka bar tsohuwar nan ta yi faɗa da harshen kakanninmu, za ku ga yadda fili zai yi shiru. Abubakar Tunau, wanda Wasan Marafa nasa ya fito tun 1949 kuma yana cikin rubutattun wasannin Hausa na farko, ɗan wannan yanki ne na ƙasar Sakkwato, don haka ba aron sana'ar muka yi daga gabas ba balle mu ari baki. Daraktan da ya tashi a nan shi zai ji lokacin da ɗan wasa ya saki harshensa ya kama na wani. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai abu mai nauyi, wanda ba a son faɗa a fili. A garuruwanmu akwai iyaye da malamai da yawa da ba su yarda da dirama ba, kuma ba za mu ce ba su da hujja ko kaɗan ba, domin sun ga abin da suka gani. Kowa ya tuna yadda maganar gina ƙauyen fim a Kano ta rushe a 2016 bayan malamai sun tashi a kanta. Wasa guda da aka yi sakaci a cikinsa, rawar da ba ta da dalili, ko shigar da ba ta dace ba, ko gwajin da ya kai dare da 'ya'yan mutane, ya isa ya rufe mana ƙofa shekara goma, kuma ba ƙungiyar da ta yi kaɗai za a rufe wa ba. Wannan ma dalili ne na a san wa ke da alhakin kowane wasa da sunansa. Mutumin da zai je gaban hakimi ya yi bayanin abin da za a nuna, ya je gidan uban yarinya ya ce ga lokacin da za a fara gwaji ga lokacin da za ta dawo, kuma ta dawo a lokacin. Mutumin da idan liman ya aiko a zo, ya san abin da ke cikin wasansa fitowa bayan fitowa, zai iya kare abin da ya cancanci karewa, ya cire abin da bai zama dole ba. Kwamiti ba ya iya wannan. Idan abu ya ɓaci, kwamiti kowa cewa yake ba ni ba ne.

Amma fa idan muka ɗora wa mutum wannan kaya, sai mu ba shi abu biyu. Na farko iko. A rubuta a takarda, shugabannin ƙungiyoyi su sa hannu, cewa rabon matsayi da tsawon wasa da abin da za a cire na darakta ne, kuma wanda ya fashe gwaji sau uku ba uzuri darakta na iya maye gurbinsa, ko ƙanin shugaba ne, ko shi ya kawo janareto. Na biyu haƙƙinsa. Mun saba mai rumfa a biya shi, mai lasifika a biya shi, mai ɗaukar hoto a biya shi, wanda ya bar shagonsa ko gonarsa yamma arba'in kuma a ce masa Allah ya saka. Allah ya saka ɗin muna so, amma a yanka masa wani abu tun farko, komai ƙanƙantarsa, a faɗa a gaban kowa, a haɗa da kuɗin mota. Sa'ar da muka yi titi ɗaya ne ya ɗinke garuruwan uku, daga Aliero ka biyo Jega ka miƙe Maiyama, amma mai mota ba ya ɗaukar mutum don yana son al'ada.

Inda kuɗin zai fito kuma a yi hattara. Da zarar an ji ana taron jama'a, masu neman kujera za su aiko da gudunmawa, ƙungiyoyin wayar da kai su ma za su zo da saƙonsu a rubuce. Ba mu ce a mayar da hannun kowa ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma mun sha ganin wasan da aka tsayar a tsakiya don a gaida mai girma da ya iso a makare. A gaya wa mai bayarwa tun farko cewa za a ambaci sunansa kafin a fara da bayan an gama, tsakanin nan kuwa fili na darakta ne. Wanda bai yarda ba ya riƙe abinsa. Gara a yi wasa uku da kuɗin ƙofa da karo-karo a kan a yi shida da hoton wani a bayan dandali.

Game da lokaci, kada a yanke rana sai an zaɓi daraktocin an zauna da su. Kalmar bayan kaka tana da daɗin faɗa, amma a nan ba hutu ba ce. Mutanen Aliero na shiga dashen albasa, masu fadama na shirin shinkafar rani, ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega suna da jarrabawarsu, ga ranakun kasuwa da ba mai zuwa gwaji, ga azumi da za a lissafa da shi. Wanda zai tara mutum goma sha biyar sau uku a mako shi ya san ranar da za ta yiwu, ba mu da ke rubutu a waya ba.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce kowane darakta a haɗa shi da mataimaki daga wani garin, matashi, wanda zai riƙe littafin wasa, ya rubuta inda kowa ke tsayawa, ya kula da agogo. Idan aka yi wasa huɗu bana, badi muna da mutum takwas da suka san aikin maimakon huɗu, kuma ɗan Jega ya san 'yan wasan Maiyama da sunayensu.

An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma mun san wasu abokanmu shugabanni za su ji wannan rubutu kamar da su ake. Da mu ake, gaba ɗaya. Mu uku da muka haɗu muka rubuta wannan mun yi shawara: biyu a cikinmu za su shiga gwajin kamar kowa, su karɓi fitowarsu ta minti goma da 'yan wasan da ba su sani ba, idan malamar Islamiyya ko yaron TikTok ya kayar da su za su ɗauki kujeru su jera. Na ukun ya ce shi ya gane tun ranar wasan firamaren nan cewa dogari ya fi dacewa da shi.

Duk mai son ba da umarni, ko wanda ya san wata malama ko wani saurayi da ya kamata a taɓa, ya rubuta a ƙarƙashin wannan rubutu garin da yake, da wasan da ya taɓa shiryawa ko da na makaranta ne ko na tashe, da labarin da yake son ya ɗora a fili bana cikin jimla biyu ko uku. Kada a sa lambar waya a fili, masu kula da zaure za su tuntuɓi kowa ta akwatin saƙo. Za a bar ƙofa a buɗe mako biyu, sannan wakilan garuruwan uku su zauna a Jega, tun da ita ce a tsakiya, su fitar da sunayen alƙalai da fitowar da za a yi gwajin da ita.